Hoton tauraron ɗan'adam zai iya faɗa mini irin itatuwan da ke dajinmu?

Wani ɗalibi da ke shekarar ƙarshe a fannin ilimin tsirrai a nan Bauchi, ɗan ƙasar Alkaleri, ya turo mini wannan tambaya: "Malam, an ba ni aikin kammala digiri a kan nau'o'in itatuwan da ke dajin bayan garinmu, aka ce in yi amfani da hoton tauraron ɗan'adam da taswirar kwamfuta. Shin hoton zai nuna mini wannan kirya ce, wancan marke ne? In zai nuna, ashe ba sai na shiga dajin ba? Kuɗin zirga-zirga ya fi ƙarfina."

Ɗana, na ji daɗi da ka fito da maganar kuɗi fili, domin ita ce ke sa ɗalibai da yawa su zauna a ɗaki su haɗa taswira mai launi-launi su miƙa, alhali ƙafarsu ba ta taka dajin ba. Hotunan da za ka samu kyauta ba za su ce maka wannan kirya ce wancan marke ne ba. Dajin sai ka shiga. Aikin hoton shi ne ya nuna maka inda za ka shiga da lokacin da ya dace, ya rage maka yawon banza, sannan ya ɗauki abin da ka ƙirga a 'yan wurare ya shimfiɗa shi a kan dajin baki ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma wanda ya hango Dala ya san inda zai dosa.

Mu fara da girman idon tauraron. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne a jere, kuma kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa. A hotunan Landsat na Amurka, ɗigo ɗaya fili ne mai mita 30 tsawo, mita 30 faɗi, wato murabba'in mita 900. A hotunan Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, ɗigo mafi ƙanƙanta mita 10 ne a kan mita 10. Hekta ɗaya ke nan ɗigo 100 ce a Sentinel-2, a Landsat kuwa wajen 11. Yanzu ka tsaya a dajinku ka auna taku goma sha biyu gabas, goma sha biyu arewa. Me ke cikin wannan ɗan fili? Wataƙila rabin inuwar marke, da sabara biyu, da kututturen kalgo, da gamba, da suri, da jar ƙasa. Tauraron zai gauraya hasken da ke tashi daga dukkansu ya ba ka lamba ɗaya. Kamar a dama fura da nono da sukari a ce ka ware gero ne.

To me yake gani da mu ba ma gani? Ganye mai rai yana shanye jan haske domin da shi yake haɗa abincinsa, sannan yana mayar da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya kamawa, ana kiransa infirared. Busasshiyar ciyawa da ƙasa tsirara ba sa bambanta waɗannan biyu sosai. Daga nan aka samo ma'aunin kore da za ka riƙa cin karo da shi da sunan NDVI: a ɗebe jan haske daga infirared, a raba da jimillarsu. Amsar tana faɗawa tsakanin -1 da +1. Ruwa yakan faɗi ƙasa da sifili, fako da dutse suna kusa da sifili, ganye mai duhu yakan haura 0.6. Lissafi ne mai sauƙi, manhajar QGIS za ta yi maka shi cikin minti guda, kuma kyauta ake sauke ta.

A nan ne tarkon yake, kuma ni ma na faɗa cikinsa a farkon aikina. Na taɓa haɗa taswirar wani daji a kudancin jihar nan da hoton watan Satumba. Wani yanki ya fito kore shar, ya fi ko'ina duhu, na rubuta masa "kurmi mai kauri". Wani tudu mai duwatsu kuma ya fito fari-fari, na sa shi cikin wuraren da suka lalace. Da muka je da malamin daji a kan babur, kurmin nawa tafasa ce tsagwaronta, ta kai mini ƙirji, warinta ya cika wurin, sai tumfafiya nan da can. Tsohon makwancin shanu ne, taki ya ishe ta. Da muka buɗa tafasar da sanda sai ga kututturan kirya, baƙi ƙirin, an sare an yi gawayi. Muka hau tudun da na raina. A tsakanin duwatsun nan na ga hano da ɓawonsa mai saɓulewa kamar takarda, ga taura, ga faru, ga tsada, ga gwandar daji, ga gurjiya, ga madobiya guda biyu da gatari bai kai gare su ba saboda wahalar hawa. Ranar na koma gida jikina a sanyaye, domin da an yi aiki da taswirata, da tudun nan aka bari a fasa dutse, a killace tafasa.

Kore daban, yawan nau'i daban. Ka riƙe wannan da kyau, shi ne ƙashin bayan aikinka. Gonar mangwaro, layin dogon yaro, shukar turare, kachalla da ta toshe fadama a ƙasar Jama'are da Haɗeja, duk za su ba ka NDVI mai tsawo, kuma kowannensu nau'i ɗaya ne. Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba. Bayan farin 1973 da na 1984, taurari sun nuna yankin Sahel yana sake yin kore, aka yi ta murna. Masu bincike suka koma tsakiyar Senegal da ƙafa, suka kwatanta da bayanan da aka tattara a wuraren tun shekarun 1980, suka buga sakamakon a 2013: koren ya ƙaru a wurare, amma manyan itatuwa sun ragu, nau'o'i sun ragu, ƙananan itatuwa masu jure fari sun mamaye. A wajenmu sabara da geza ke wannan aiki. Ina goyon bayan dashen itatuwa ɗari bisa ɗari, kuma Bauchi da Gombe suna cikin jihohi 11 na Najeriya da ke shirin babbar katangar itatuwa ta Afirka. Sai dai duk wanda zai auna nasarar dashe, ina roƙonsa ya haɗa da ƙirgen nau'i, kada ya tsaya a kore.

Yanzu ga inda hoton ke da amfani na gaske, kuma a nan nake so ka zuba ƙarfinka: lokaci. Sentinel-2 yana komawa kan wuri ɗaya duk kwana 5. Landsat 8 da Landsat 9 kowanne kwana 16, in an haɗa su kwana 8. Itatuwanmu kuma ba rana ɗaya suke zubar da ganye ba. Hoton damina shi ne mafi ƙarancin amfani gare ka: ga gajimare ya rufe rabinsa, ga ciyawa da dawa da itace duk sun zama abu ɗaya. Ka jira kaka ta wuce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba ciyawa ta bushe, an girbe gonaki, amma yawancin itatuwa suna riƙe da ganyensu, saboda haka koren da ka gani na itace ne. Zuwa Fabrairu da Maris kuka ta daɗe da tuɓewa, marke da madobiya da gurjiya sun zube, abin da ya rage da kore shi ne irin su maɗaci da kanya da tsamiya, da kurmin bakin rafi, da mangwaro da dogon yaro na cikin gari. A ƙarshen bazara wasu itatuwan sukan fitar da sabon toho tun ruwa bai sauka ba, ciyawa kuwa sai ta ji ruwa. In ka jera hotuna biyar ko shida na shekara ɗaya, kowane ɗigo zai ba ka tarihin korensa daga wata zuwa wata, kuma wannan tarihin ya fi hoto ɗaya faɗin gaskiya nesa ba kusa ba.

Gawo shi ne babban misali. Kowane manomi ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Idan ka ga ɗigo a tsakiyar gonaki ya yi kore a Janairu, a hoton farkon damina kuma ya dusashe kafin shuka ta rufe ƙasa, kana da hujjar zargin gawo ne, musamman a arewacin jihar, wajen Katagum da Gamawa. Zargi na ce, sai ka je ka taɓa shi. A Jamhuriyar Nijar, a jihohin Maraɗi da Damagaram, hotunan jirgin sama da na tauraro ne suka fito da girman abin da manoma suka yi shiru-shiru na barin toho ya girma a gonakinsu, abin da suke kira sassabin zamani. An ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, kuma gawo na cikin manyan itatuwan da suka dawo. Manoman sun san abin da suka yi a gonakinsu, hoton ne ya nuna wa duniya faɗinsa.

Abin da za ka iya rarrabewa da tabbaci ba itace ɗaya-ɗaya ba ne, rukunin daji ne. Tsirrai suna da abokan zama. Ɗauki Yankari da ke ƙasarku, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962. In ka buɗe hoton Maris na wurin, abu na farko da zai ja idonka shi ne kwarin kogin Gaji, kamar koren zare a kan tabarma, domin maɓuɓɓugai irin su Wikki suna ba shi ruwa duk shekara. Kurmin bakin ruwa da fadamarsa rukuni ne. Dajin kan tudu mai kawo da taura da dangin taramniya wani rukuni ne. Gangaren duwatsu da kwazazzabai wani ne daban. A Yankari da kewayenta akwai wata itaciya, Pteleopsis habeensis, da a duniya ba a san ta ba sai a nan da wasu 'yan wurare a Mali da Ghana. Babu tauraron da ya gano ta. Masana tsirrai ne suka tsinko ganyenta da 'ya'yanta da hannu. Amma da zarar an san irin wurin da take so, taswira za ta iya nuna sauran wurare masu kama da shi da ya kamata a je a duba. Yankari ɗigo sama da miliyan 22 ce a Sentinel-2, ba mai iya taka su duka.

Don haka kada ka tsaya a hoton kore. Ka sauke taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda aka auna daga sararin sama a watan Fabrairun 2000, ita ma mita 30 ce kuma kyauta. Daga ita za ka fitar da tsayin wuri, da gangara, da hanyoyin ruwa. Ka ƙara nisan kowane wuri daga gari, daga titi, daga burtali. A dazuzzukanmu nisan wuri daga inda mota ko amalanke za ta iya shiga yakan bayyana abin da ya rage na itace fiye da ruwan sama.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Kafin ka kashe ko sisi a mota, ka zana iyakar dajin a Google Earth. Ka sauke hotunan Sentinel-2 na Disamba da Fabrairu da Afrilu, ka zaɓi ranakun da hazon hunturu bai yi kauri ba, domin ƙura tana dusashe hoto tana rage NDVI. Cikakken hoto ɗaya yana cin data sosai, saboda haka ka yanko iya yankinka ta shafin Copernicus ko ta Google Earth Engine, wanda ɗalibai da masu bincike ke amfani da shi kyauta. Ka sa manhaja ta kasa dajin kashi biyar ko shida bisa kamannin haske, ba tare da ka ba su suna ba tukuna. Sai ka watsa wuraren ƙirge a cikin kowane kashi, ka bar kwamfuta ta zaɓa maka su da ka, kada ka zaɓa da son rai. Wanda ya zaɓa da kansa, inuwa da bakin hanya zai zaɓa. Fuloti, wato ɗan filin da za ka auna ka ƙirga itatuwan cikinsa, guda 40 zuwa 60 da aka rarraba haka sun fi 200 da aka jera a gefen titi, kuma a nan ne kuɗinka zai ragu.

Girman fuloti kada ya gaza mita 30 a kan 30, ko mita 50 a kan 20. Dalili shi ne GPS na waya yakan kauce da 'yan mitoci ko a fili, a ƙarƙashin inuwa kuma ya fi haka. In fulotinka ƙarami ne, ko yana kan iyakar gona da daji, za ka ɗora ƙirgen daji a kan ɗigon gona ba ka sani ba. Ka shiga tsakiyar wuri mai kama ɗaya, ka tsaya minti biyu lambar ta natsu kafin ka rubuta, kuma ka rubuta a littafi ko da ka adana a waya. Kowace itaciya ka rubuta sunanta, ka auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Ciyayi da ƙananan ganyayyaki kuwa sai ka koma a Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da suka yi kai, da ɗan firam na mita 1 a kan 1. Gamba da kyasuwa da harƙiya da tofa ba sa rarrabuwa da kyau in babu kai.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka kada ka tsallake: ƙirga 'ya'yan itatuwa, waɗanda ba su kai ƙugu ba. Ka je gonakin da ke kewaye da garinku ka duba ɗorawa da kaɗanya. Manya ne, masu faɗin kai, daga sama gwanin sha'awa. Ka nemi ƙananansu. A gonaki da yawa za ka yi ta yawo ba ka ga ko ɗaya ba, garma da awaki da wuta sun cinye. Tauraro zai ci gaba da nuna wurin lafiya lau har ranar da tsofaffin suka faɗi. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk yawon da na yi, domin daddawa da man kaɗe abincin gidajenmu ne da jarin iyayenmu mata, kuma kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. In aikinka ya fito da wannan kaɗai, da hujja, ya biya.

Kada ka shiga dajin kai kaɗai, kuma kada ka shiga ba sallama. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka gaya musu abin da ya kawo ka, domin baƙo da igiyar awo da waya a daji, mutane za su ɗauka filin ake shirin ƙwacewa. In wurin gandun gwamnati ne, ka nemi izini a rubuce, ka tafi da ma'aikacinsu. Ka tambayi halin tsaro a ranar da za ka fita, in an ce kada ka je wani ɓangare, ka bar shi. Sannan ka nemi tsohon maharbi, ko mai maganin gargajiya, ko Bafulatanin da ya daɗe yana kiwo a wurin, ka biya shi ladan ranarsa da mutunci. Na yi tafiya da wani dattijo da ke gane itace da rani tsirara, babu ganye ko ɗaya: ya ɗan kankare ɓawon da wuƙa, ya duba launin cikin, ya sansana, ya faɗi suna. Madobiya in an sare ta takan fitar da jan ruwa kamar jini, shi ya fara nuna mini. Shi ne kuma ya tsaya a wani fako ya ce, "Nan da maje ne da ɗinya, muna yara a nan muke hutawa." Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma na tabbatar tauraro ma bai gani ba.

Sai dai ka yi hattara da sunaye. Suna ɗaya na Hausa yakan hau kan nau'i biyu ko uku, nau'i ɗaya kuma yakan sami suna daban a Bauchi da Sakkwato, ga sunan Fulatanci, ga na Jaranci da sauran harsunan jihar. Ɓaure da ƙaya da taramniya duk gidaje ne masu 'ya'ya da yawa. Duk abin da ba ka tabbatar ba, ka yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, ka shimfiɗa a tsakanin tsofaffin jaridu, ka danne da katako biyu, ka riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe. Ka rubuta lambar fuloti a jiki. Ka kai ɗakin adana busassun tsirrai na sashenku, abin da ya gagara a aika Zariya ko Ibadan, inda ake da manyan ɗakunan. Manhajojin gane tsiro ta hoton waya suna taimakawa, amma sun fi ƙwarewa a tsirran Turai, kada ka ɗauki amsarsu a matsayin hukunci.

Da ka dawo da littafinka, lissafin nau'i iri biyu ne. Na farko yawan nau'o'in da ke cikin fuloti. Na biyu yadda suka rabu. A ce fuloti biyu kowanne yana da itace 40 da nau'i 5. A na farko sabara 36 ce, sauran huɗun ɗaya-ɗaya. A na biyu kowane nau'i 8 ne. Yawan nau'insu ɗaya, amma na farko saura ƙiris ya zama dajin sabara zalla. Ma'aunin Shannon da za a tambaye ka a kansa ranar kare aiki, wannan bambancin yake kamawa.

Sai haɗa hoton da ƙirgen da ka yi a daji. Ka ba kashi biyar ko shidan nan da manhaja ta kasa dajin sunansu na gaskiya bisa abin da ka gani: kurmin rafi, dajin marke da kirya, saurar sabara da kalgo, gona mai ɗorawa da kaɗanya, tudun dutse. Ka koya wa manhaja da kashi 70 cikin 100 na wuraren da ka taka, ka ɓoye 30. In ta gama taswirar, ka gwada ta da waɗanda ka ɓoye, ka rubuta sau nawa ta dace, sau nawa ta kuskure, da wane rukuni take rikitawa da wane. Taswirar da ba ta da wannan gwaji zane ce kawai. Kuma kada ka ji kunyar kuskuren. Ni na fi yarda da ɗalibin da ya ce taswirarsa tana rikita saura da gona, ya bayyana dalili, a kan wanda ya kawo mini sakamako sumul babu tabo.

Za ka karanta wata hanya da ke cewa inda launin ɗigo-ɗigo ya fi sassaɓawa, nan nau'o'i suka fi yawa, tunda wuri mai tudu da kwari da jiƙa da bushewa yakan ɗauki tsirrai iri-iri. Akwai gaskiya a ciki, kuma za ka iya gwadawa da fulotanka. Amma a ƙasarmu tana yawan ruɗi: gefen gari mai gona da hanya da kwano da jar ƙasa ya fi kowane kurmi sassaɓawar launi. Ƙunar daji ma haka. Wurin da aka ƙona a Disamba yakan fito baƙi, bayan 'yan makonni ya yi sabon toho ya fi maƙwabtansa kore. Ka ware tabon wuta tun farko, ka sa shi a taswira ta daban. Ita kanta taswirar wutar sakamako ce mai daraja, domin wutar farkon rani da ta ƙarshen rani ba ɓarna ɗaya suke yi wa ƙananan itatuwa ba, ta ƙarshen ta fi zafi da kisa.

In malaminka yana son tarihin dajin, Landsat ne gidan tarihi. An harba na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe taskar ga kowa kyauta. Hotuna masu mita 30 sun fara ne a shekarun 1980, na kafin nan ɗigonsu ya fi girma. Ka kwatanta wata ɗaya da wata ɗaya, Disamba da Disamba, in ba haka ba za ka kira bambancin rani da damina sarar daji. Hotunan Landsat 7 na bayan Mayun 2003 suna da ratsi-ratsi na babu komai saboda wata na'ura da ta lalace a jikinsa, kada ka ɗauka kwamfutarka ce. Tsohon hoto zai nuna maka inda daji ya koma gona da shekarar da abin ya faru. Irin itacen da ke wurin a lokacin kuwa, sai bakin dattawa.

Za ka ji ana cewa yanzu ana ƙirga itace ɗaya-ɗaya daga sama. Gaskiya ne. A 2020 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen sun yi amfani da hotuna masu ɗigon rabin mita, suka koya wa kwamfuta gane kan itace, suka ƙirga sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a yankin da ake ɗauka kusan babu itace. Aiki ne babba. Amma sun ƙirga kawuna ne da faɗinsu, ba su faɗi sunan kowace ba, kuma irin waɗannan hotuna na kuɗi ne. Najeriya ma ta harba nata, NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kuma akwai cibiyar nazarin hotunan tauraro ta ƙasa a Jos, kusa da mu. Jirgi maras matuƙi yana iya nuna furen madobiya rawaya da na gurjiya ja da rani, sai dai yana buƙatar izinin hukuma, kuma a halin da ake ciki tashinsa a daji na iya jawo maka fitina. Aikin digirin farko bai buƙace shi ba.

Abu na ƙarshe da zan ja kunnenka a kai amana ce. Madobiya ta sha sara a ƙasar nan saboda katakonta da ake fitarwa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido a kan cinikinsu daga farkon 2017. Kirya tana tafiya a buhun gawayi, hano da maɗaci ana ɓare su har su mutu. In ka buga ainihin lambobin GPS na inda manyan madobiya ko kawo suka rage, ka zana wa mai injin yanka hanya da hannunka. A cikin kundin ka nuna yankin a dunƙule, ainihin lambobin ka bar su wajen malaminka da hukumar gandun daji. Dattijon da ya kai ka wurin ya yarda da kai ne. Kuma in an gama, ka buga taswirar a babbar takarda da sunayen itatuwan da Hausa, ka kai wa dagacin kwafi ɗaya.

Yanzu ka zana iyakar dajin, ka sauke hoton Disamban bara da na Afrilun bana, ka kawo mini su a filashi ranar da ka shigo gari, tare da sunayen itatuwa ashirin da mahaifinka ko kakanka ya ce akwai su a dajin lokacin yana yaro. Da wannan jerin za mu zaɓi fulotan farko.